Me Ya Sa Lambobin GPS Na Lafani Ke Canzawa Duk Shekara? Darasi A Kan Shimfiɗar Da Ke Ɗauke Da Farantan Ƙasa

Duk wanda ya buɗe Google Maps a Lafani, can wajen iyakar Illela da Konni, ya danna ɗigon nan mai launin shuɗi, wayarsa za ta ba shi lambobi biyu: wajen digiri 13.7 ta arewa, da wajen digiri 5.3 ta gabas. Waɗannan lambobi su ne adireshin wurin a idon taurarin ɗan adam. Abin da akasarin masu waya ba su sani ba shi ne, adireshin nan ba a tsaye yake ba. Duk shekara Lafani na gusawa arewa maso gabas da kimanin santimita 2 zuwa 3, da gidajenta da gonakinta da rijiyoyinta baki ɗaya. Illela na tafiya, Sakkwato na tafiya, Konni ma na biye. Saurin tafiyar bai wuce yadda farce ke tsirowa ba.

Alamomin kan iyaka da Turawan Ingila da na Faransa suka kakkafa tsakanin 1906 da 1908 sun yi tafiyar kusan mita 3 daga inda aka dasa su, in aka auna da ma'aunin tauraron ɗan adam. Najeriya ba ta ƙaru da taku ɗaya ba, Nijar ba ta ragu ba, domin ƙasashen biyu a kan mota ɗaya suke. Motar ita ce farantin Afirka. Darasin yau a kan hanyar da motar ke bi ne: wata shimfiɗar dutse mai zafi da laushi da masana ke kira astenosfiya.

Tsarin cikin duniya a taƙaice

A makaranta akan kwatanta duniya da dafaffen ƙwai: ɓawo, farin ƙwai, da gwaiduwa. Daga inda mutum ke tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Ɓawon da ke ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa kan kai kilomita 30 zuwa 50, na ƙarƙashin teku kuwa bai cika wuce 7 ba. Ƙasa da ɓawo sai mantul, wato farin ƙwan, wanda ya nutsa har zurfin kilomita 2,900. Daga nan sai gwaiduwar, wadda galibinta ƙarfe ne.

Wannan rabon an yi shi ne bisa irin sinadarin da ke kowane sashe. Akwai wani rabo na biyu, kuma shi ne ya shafi wannan darasi: rabo bisa tauri. A nan ba a tambayar da me aka yi dutsen, ana tambayar yadda yake yi in an danna shi. Karyewa yake yi, ko lanƙwasa?

In aka bi wannan rabo, ɓawon ƙasa da saman mantul haɗe suke, abu guda ne mai sanyi da tauri. Sunansa litosfiya. Shi ne ya tsattsage ya zama manyan faranti guda bakwai ko takwas, gwargwadon yadda aka ƙirga, da ƙanana da dama. Kurakurai biyu da aka fi yi a nan su ne ɗaukar cewa faranti ɓawon ƙasa ne kawai, da ɗaukar cewa faranti nahiya ce. Farantin Afirka ya haɗa da nahiyar da kuma babban ɓangare na gabashin ƙasan tekun Atlantika, har zuwa tsakiyarsa.

Ƙarƙashin litosfiya ne astenosfiya take. A mafi yawan wurare tana farawa daga zurfin kilomita 80 zuwa 200. Ƙarƙashin tsakiyar teku, inda sabon ɓawo ke fitowa, tana matsowa kusa da sama sosai. Ƙarƙashin tsofaffin sassan nahiya, kamar tsohon ginshiƙin dutsen Afirka ta Yamma da ya ratsa Muritaniya da Mali da Gini da Burkina Faso, sai an wuce kilomita 200 kafin a iske ta. Yankin Sakkwato yana gabas da wancan ginshiƙi. Wanda ke son ya ji nisan a jikinsa, ya ɗauki hanyar Illela zuwa Sakkwato ya miƙe ta ƙasa kamar guga a rijiya. Ƙarshen hanyar bai kai ga shimfiɗar ba tukuna.

Dutse ne, ba tafkin wuta ba

Hotunan da ake gani a TikTok da YouTube sukan nuna nahiyoyi suna yawo a kan jan ruwan wuta, kamar kwale-kwale a kan kogi. Hoton na da kyau, amma ba haka abin yake ba. Astenosfiya dutse ce daskararre. Da za a iya yanko wani ɓangare nata a fito da shi da zafinsa, a buga masa guduma, ƙara zai yi kamar kowane dutse. Sunan dutsen feridotait, kuma ma'adinin da ya fi yawa a cikinsa shi ne olibin, mai launin kore.

To ina laushin? Amsar na wajen maƙeri. Ƙarfen da ke ajiye a maƙera da sanyinsa ba ya jin guduma. In aka sa shi a wuta aka yi ta zuga har ya yi ja, bai narke ba, har yanzu awartaki na riƙe shi, amma ya fara jin magana: ana bugunsa yana baje, ana lanƙwasa shi yana bi. Haka dutse yake idan zafinsa ya kusa kai matakin narkewa. A saman astenosfiya zafi na kai kimanin digiri 1,300 a ma'aunin Salsiyos. A wannan zafi ƙwayoyin ma'adinin kan riƙa zamewa a kan juna kaɗan-kaɗan, dutsen na canza siffa ba tare da ya fashe ba.

Dalilin da ya hana shi narkewa duka shi ne matsi. A zurfin kilomita 100, nauyin duwatsun da ke sama na danna shi da ƙarfin da ya ninka matsin iskar doron ƙasa sau kusan 30,000. Matsi na ɗaga matakin narkewa. Ana zurfafawa zafi na ƙaruwa, matsi ma na ƙaruwa, kamar masu tsere biyu. A cikin litosfiya matsi ne a gaba da tazara mai yawa. A wajen zurfin astenosfiya zafi kan kusa kamo shi. Can ƙasa kuma matsi ya sake yin gaba, dutsen ya ƙara tauri. Shi ya sa shimfiɗar mai laushi take a tsakani, da tauri a samanta da tauri a ƙasanta.

Akwai narkakken dutse a cikinta, amma ɗan kaɗan ne, a wasu wurare kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, yana maƙale tsakanin ƙwayoyi kamar damshi a cikin yashi. Har yau masana na muhawara a kan ko wannan ɗan narkewar ce ke kawo laushin, ko zafi ne kawai, ko kuma ɗan ruwan da ke ɗaure a cikin ma'adinan. Wani bincike da Junlin Hua na Jami'ar Texas da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya gano shimfiɗar da ke da ɗan narkakken dutse a zurfin kimanin kilomita 150 a sassa da yawa na duniya, ya kuma nuna cewa narkewar ba ta cika sauya yadda dutsen ke gudana ba.

Batun lokaci shi ne ke rikitar da mutane. Abu ɗaya na iya zama mai tauri a cikin daƙiƙa, ya zama mai gudana a cikin shekaru. Kwalta misali ce. A buga wa dunƙulen kwalta mai sanyi guduma, farfashewa zai yi kamar gilashi. A 1927 wani malami a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Thomas Parnell, ya zuba irin wannan kwalta a mazurari ya ajiye. Tun daga lokacin ɗigo tara kacal suka sauka, na taran a watan Afrilun 2014. Direbobin da ke bin titin da tireloli suka daɗe suna takawa sun san wannan ba tare da sun shiga jami'a ba: titi da taurinsa, amma ga kwarin taya ya fito a jikinsa.

Masana na da ma'aunin kaurin abu mai gudana. A wannan ma'auni zuma na wajen 10. Kwaltar Parnell na wajen 2 da sifili 8 a bayansa. Astenosfiya kuwa 1 ce da sifili 19 ko 20 a baya. Wato ta fi kwaltar da ke ɗiga sau ɗaya a shekara goma kauri sau biliyoyi. Idan aka ce tana da laushi, ana nufin in an gwada ta da abin da ke samanta.

Ba wanda ya taɓa ganin ta, yaya aka san tana nan?

Rami mafi zurfi da ɗan adam ya taɓa haƙawa a tsaye shi ne na Kola a arewacin Rasha, wanda ya kai mita 12,262 a 1989. Ko rabin ɓawon wurin bai huda ba. Rijiyoyin burtsatse na yankin Sakkwato, da ake ganin sun yi zurfi, gomomi ne zuwa ɗaruruwan mita. Don haka duk abin da aka sani game da astenosfiya, ta bayan gida aka sano shi.

Hanya ta farko ita ce lura da yadda ƙasa ke lotsawa in an ɗora mata kaya, ta kuma taso in an sauke. Wani masanin duwatsu Ba'amurke, Joseph Barrell, shi ya raɗa sunan a 1914, daga kalmar Girkanci mai ma'anar rauni. Hujjarsa ita ce: manyan tsaunuka da tarin laka a bakin koguna suna nutsa ɓawon ƙasa, kuma ba zai nutse ba sai in akwai abin da ke kaucewa a ƙarƙashinsa. Shaidar da ta fi fitowa fili tana arewacin Turai da Kanada. Shekara 20,000 da suka wuce ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 zuwa 3 ta lulluɓe wuraren, ta danna ƙasa. Ƙanƙarar ta narke tun kusan shekara 10,000, amma har gobe ƙasar na tasowa. A gaɓar tekun da ke tsakanin Suwidin da Finlan tana ɗagowa da kusan milimita 9 duk shekara, har tsofaffin tashoshin jiragen ruwa sun koma tudu. Katifar soso kan dawo daidai cikin daƙiƙoƙi bayan an tashi daga kanta. Wannan katifa shekara 10,000 ba ta gama dawowa ba, kuma daga saurin dawowar ne aka lissafo waccan lamba mai sifili da yawa.

Hanya ta biyu ita ce girgizar ƙasa. Idan dutse ya karye a ƙarƙashin ƙasa, yana aika igiyoyin motsi iri biyu ta cikin duniya. Ta farko ana ce mata P, tana turawa tana ja, ta fi sauri, tana kuma ratsa dutse da ruwa. Ta biyu ana ce mata S, tana kaɗawa gefe da gefe, kuma ba ta iya ratsa ruwa ko narkakken abu ko kaɗan. Na'urorin da ke warwatse a duniya na rubuta daƙiƙar da kowace igiya ta iso. Daga nan sai lissafi, irin na hoton cikin asibiti, sai dai majinyacin duniya ce.

A 1926 Beno Gutenberg, Bajamushe, ya lura cewa igiyoyin da suka bi ta wani zurfi na isowa a makare da rauni. A saman mantul igiyar S na gudun kimanin kilomita 4.5 a daƙiƙa, amma da ta shiga wannan shiyya sai gudun ya ragu da 'yan kaso cikin 100. An daɗe ana ja da shi, sai girgizar ƙasar Chile ta 22 ga Mayun 1960, mai ƙarfin maki 9.5, mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa, ta samar da bayanan da suka ƙarfafa maganarsa. A nan ne kuma hoton tafkin wuta ke rushewa. Igiyar S na rage gudu a astenosfiya, amma tana wucewa. Da ruwa ce, da ba ta wuce ba.

Wa ke tura farantin?

Lokacin da Alfred Wegener ya fito a 1912 ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da, suka rabu, yana da hujjoji: gaɓar Brazil da ta Afirka ta Yamma sun dace kamar fasasshen tulu, duwatsu da burbushin halittu iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Tambayar da ta kayar da shi ita ce ta yaya nahiya za ta keta dutse ta wuce. Ya rasu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a yarda da shi ba. Sai a shekarun 1960, bayan an zana taswirar ƙasan teku, aka fahimci cewa nahiya ba ta keta komai. Farantin ne gaba ɗaya ke zamewa a kan shimfiɗa mai laushi.

Littattafan sakandare da yawa na nuna mantul na juyawa kamar kunu a tukunya, yana ɗauke da faranti a bayansa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce babbar gaskiyar ba. Mafi yawan masana a yau na ganin faranti ne ke jan kansa. Ɓawon teku in ya tsufa yakan yi sanyi ya yi nauyi, gefensa ya nutse cikin mantul, ya jawo sauran, kamar tabarmar da aka bar gefenta na lilo daga kan katanga. Akwai kuma turi daga tsaunukan tsakiyar teku, inda faranti ke gangarowa daga tudu. Aikin astenosfiya a nan irin na giris ne a cikin boris: ba ita ce injin ba, amma in babu ita komai zai cije.

Wannan ne ya bayyana bambancin gudu. Farantin tekun Fasifik, da gefunansa ke nutsewa a wajen Japan da sauran wurare, na tafiyar santimita 7 zuwa 10 a shekara. Farantin Afirka kusan ta ko'ina tsaunukan tsakiyar teku ne suka kewaye shi, ba shi da wani babban gefe da ke jan sa ƙasa, shi ya sa yake tafiyar hawainiya.

Sawunta a ƙasar Sakkwato

Mai karatu na iya cewa duk wannan labarin Chile da Suwidin ne. To ga na gida. Ƙasar da Lafani ke kai wani ɓangare ne na babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya taso daga Mali da Nijar ya shigo arewa maso yammacin Najeriya, inda ake ce masa kwarin Sakkwato. Kwari ne da ya riƙa lotsawa sannu a hankali tsawon miliyoyin shekaru, yashi da laka na taruwa a ciki, nauyinsu na ƙara nutsar da shi. Irin lotsawar nan da Barrell ya yi magana a kai ke nan.

Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, da kuma wajen miliyan 60, teku ya shigo wannan kwari. A wancan zamani ruwan tekunan duniya ya fi na yau tsawo da sama da mita 100. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawan sabon ɓawo mai zafi da ke fitowa a tsakiyar tekuna. Dutse mai zafi ya fi kumbura, sai ya cike wurin ruwa, ruwan ya malalo kan nahiyoyi, kamar an jefa bulo a cikin baho. Wani siririn teku ya ratsa inda Sahara take a yau.

Shaidar na nan ana haƙo ta kullum. Farin dutsen da kamfanin siminti ke fasawa a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, a ƙasan wancan teku ya taru, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Irinsa ne ake aiki da shi a masana'antar siminti ta Malbaza, can gaba da Konni. Shimfiɗun duwatsun yankin ma sunayen garuruwan gida suke ɗauke da su a littattafan ilimin ƙasa na duniya: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai kama da kada, aka sa masa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Wanda ya gina ɗaki da simintin Sakkwato, da ƙasan teku ya yi gini.

Daga baya arewa ta ɗago. Tsaunukan Hoggar na kudancin Aljeriya, masu kaiwa kusan mita 2,900, suna zaune ne a kan wani ƙaton kumburi da ake dangantawa da mantul mai zafi a ƙarƙashinsu, kuma an yi ta aman wuta a wurin tun sama da shekara miliyan 30. A tsaunukan Abzin akwai tsofaffin bakunan aman wuta, ga kuma maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tafadek kusa da Agadas. Ta kudu maso gabas akwai tudun Biu da na Jos da duwatsunsu baƙaƙe, sai jerin duwatsun aman wuta na Kamaru. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa daga narkakken dutsen da ke ƙarƙashi, ta hallaka mutum sama da 1,700 a ƙauyukan kewaye.

Yadda dutse daskararre ke zama ruwan wuta a irin waɗannan wurare ya koma ga tseren nan na zafi da matsi. Idan dutsen astenosfiya ya taso sama, zafinsa bai ragu sosai ba, amma matsin da ke kansa ya ragu. Sai wani kaso nasa ya narke ba tare da an ƙara masa wuta ba.

Wani abu da ya kamata a kawar: zafin Sakkwato na watan Afrilu ba daga ƙasa yake fitowa ba. Zafin da ke tasowa daga cikin duniya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ba a kowace murabba'in mita. Rana tsaka kuwa na sauke kusan wat 1,000 a wuri ɗaya. In waya ta yi zafi a aljihu a kasuwar Illela, a tuhumi rana da batir.

Inda abin ya shafi waya da masu rubuta manhaja

Taurarin GPS na shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma suna aiki da tsarin ma'auni da ake kira WGS84, wanda aka ɗaure da duniya baki ɗaya, ba da wata nahiya ba. Saboda haka duk wurin da ke kan faranti mai tafiya, lambobinsa na canzawa. Ga lissafin da ya kamata duk mai koyon rubuta manhajar taswira ya haddace: a lambar digiri, gurbi na biyar bayan ɗigo daidai yake da kusan mita 1.1, na shida santimita 11, na bakwai santimita 1.1. Ke nan gurbi na bakwai na lambobin Lafani na canzawa duk shekara, na shida duk bayan 'yan shekaru, na biyar sau ɗaya a kusan rabin ƙarni.

Waya ba za ta ga wannan ba. Kuskuren GPS na waya a fili buɗaɗɗe ya kai kimanin mita 5, wato tafiyar farantin Afirka ta kusan shekara 200. Wayoyin da ke karɓar sigina biyu, waɗanda Xiaomi Mi 8 ta buɗe musu hanya a 2018, sun rage kuskuren, amma ba su kai santimita ba. Masu ganin motsin su ne tashoshin dindindin da aka kafe a kan dutse ko gini, suna sauraren taurari dare da rana shekara da shekaru. Najeriya na da jerin irinsu da ake kira NIGNET a ƙarƙashin ofishin Babban Safiyon Tarayya, ciki har da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Birnin Kebbi. Akwai kuma cibiyar nazarin motsin ƙasa ta hukumar NASRDA a Toro, jihar Bauchi.

Ostareliya ce ta fi jin abin a jika, domin farantinta na gudun kusan santimita 7 a shekara. Tsarin taswirar da suka kafa a 1994 ya kauce wa GPS har sai da suka fito da sabo mai suna GDA2020, suka matsar da lambobin ƙasar gaba ɗaya da kimanin mita 1.8. Ga mai neman shagon shayi wannan ba komai ba ne. Ga taraktar da ke tuƙa kanta, ko jirgi marar matuƙi da zai sauke magani a wani tsakar gida, mita 1.8 na iya zama gidan maƙwabci.

A Najeriya abin da ya fi gaggawa ba tafiyar faranti ba ce, cakuɗa ma'auni ne. Tsofaffin taswirori da takardun filaye da yawa an yi su ne da ma'aunin Minna, wanda ya bambanta da WGS84 da gomomin mita. Wanda ya kwafi lamba daga tsohuwar takardar fili ya zuba a Google Maps kai tsaye, zai iya tsayawa a gonar wani yana rantsuwa tasa ce. Haka ma sayen fili da ɗigon da aka turo ta WhatsApp: ɗigon na nuna unguwa ne, ba ya nuna iyaka. Aikin iyaka na safiyo ne mai rajista. Mai rubuta manhaja kuwa, duk inda zai adana lambar wuri, ya adana abu biyu tare da ita: ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ranar da aka auna. Gurbi biyu ne kawai a rumbun bayanai, amma su ne za su sa lambar ta yi amfani bayan shekara 20.

Wayar da ke jin girgiza

Astenosfiya ba ta haifar da girgizar ƙasa da kanta, domin abin da ke lanƙwasa ba ya karyewa. Girgiza na faruwa ne a dutse mai tauri, galibi a bakin faranti, inda biyu ke gogar juna. Ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, mai maki 7.8, a kan irin wannan baki ta auku. Ta Maroko ta 8 ga Satumbar shekarar, mai maki 6.8, ta faru ne a tsaunukan Atlas, waɗanda matsin da ke tsakanin Afirka da Turai ke ɗagawa. Illela na tsakiyar faranti, nesa da kowane baki, kuma wannan babbar ni'ima ce. Sai dai tsakiyar faranti ma na da tsofaffin tsaga da kan motsa jefi-jefi. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a Satumbar 2018. Birnin Accra ya sha girgiza mai kisa a 1939, Gini ma a 1983.

A cikin kowace wayar zamani akwai 'yar na'urar jin motsi, akselaromita, wadda ke juya hoto in an karkata wayar, take kuma ƙirga taku. Tun watan Agustan 2020 Google ke amfani da ita a wayoyin Android don gano girgizar ƙasa. Wayar da ke ajiye tana caji in ta ji motsi mai kama da igiyar P, sai ta aika saƙo. In wayoyi da yawa a yanki ɗaya suka aiko a tare, sai kwamfutocin kamfanin su ƙiyasta wuri da ƙarfi, su tura gargaɗi. Dabarar ta dogara ne da tsere: igiyar S mai ɓarna na gudun kimanin kilomita 3.5 a daƙiƙa a cikin ɓawon ƙasa, saƙon intanet kuwa ya fi ta sauri nesa ba kusa ba. Wanda ke nisan kilomita 70 zai iya samun 'yan daƙiƙoƙi na neman mafaka. Tsarin ba ya hasashen girgiza kafin ta faru, kuma yana kuskure: Google ya amsa cewa a girgizar Turkiyya tsarin ya ƙiyasta ƙarfinta ƙasa da maki 5 da farko. Ba kuma a kowace ƙasa yake aiki ba. Duk saƙon da ke yawo cewa za a yi girgizar ƙasa ranar kaza da ƙarfe kaza, ƙarya ce, domin babu na'urar da ta iya wannan har yau.

Haka nan bidiyon ƙaton ramin nan na Mai Mahiu a Kenya, na watan Maris 2018, da ake sake yaɗawa duk shekara da taken Afirka ta rabe gida biyu. Gabashin Afirka na rabuwa da gaske, amma da 'yan milimita a shekara, kuma masana da dama sun danganta wancan rami da ruwan sama mai yawa da ya kwashe ƙasa mai taushi. Tsagewar gaske ita ce ta Afar a Habasha a 2005, inda narkakken dutse ya kutsa ya buɗe ƙasa tsawon kusan kilomita 60, faɗin ya kai mita 8 a wasu wurare, cikin 'yan makonni.

Mai son gwadawa da hannunsa ya sauke Phyphox, manhaja ce kyauta daga jami'ar Aachen ta Jamus. Ya buɗe sashen akselaromita, ya ajiye wayar a ƙarshen dogon benci, wani ya ƙwanƙwasa ɗaya ƙarshen. Layin zai yi tsalle. Sai a maimaita da wayar a kan katifa, a ƙwanƙwasa katifar daga nisa iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. Tsallen zai ragu ya baje, domin abu mai laushi na shanye motsi yana jinkirta shi. Irin wannan bambanci Gutenberg ya hango a takardun na'urorinsa. In an samu rahoton wata girgiza daga tasha, akwai lissafin kai da ɗalibai ke yi: a ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin isowar P da isowar S, a ninka da 8, abin da ya fito shi ne kimanin nisan girgizar a kilomita, matuƙar ba ta yi nisa sosai ba. Tazarar daƙiƙa 10 na nufin kilomita 80. Da tashoshi uku, a zana da'ira uku a taswira, inda suka haɗu nan dutsen ya karye.